Dillalin da Ya Ƙi Shan Shayin Baƙonsa

Akwai wani dillalin raƙuma a kasuwar Belbeji, sunansa Zakiyyu. Ƙato ne, tumbinsa kan riga shi shiga rumfa, mutane na cewa alamar arziki ce.

Kun dai san aikin dillali. Duk makiyayin da ya sauka wurinka sai ya ɗora shayi, zubi uku, sukari kamar ba gobe. Ga soyayyen nama, ga fura. Shi kuwa Zakiyyu, ko masallacin ƙofar gida a kan moto, wato babur, yake zuwa.

Wata rana ƙaya ta soke shi a ƙafa, wata biyu gyambon ya ƙi warkewa. Majo, malamin asibiti, ya auna shi, kilo ɗari da ashirin. Ya ce, "Ciwon sukari ne, ƙiba ce ta jawo. Ko ka rage tumbin nan, ko a yanke ƙafar."

Tsoro ya kama shi. Ya bar sukari, har da shayin baƙinsa, ya rage tuwo da maiƙo.

Sai Attahir, abokin sana'arsa, shi ma tulele, ya shiga zuga makiyaya: "Girman kai ne, ƙyamar kofinku yake!" Baƙi suka fara komawa rumfar Attahir.

Ran kasuwa tsoho Haris, makiyayin da ya daɗe yana sauka wurinsa, ya iso daga Tenhya, ya miƙa wa Zakiyyu kofin shayi a gaban jama'a.

"Baba, ba zan sha ba."

"Shekara ashirin muna tare, yau ni za ka kunyata?"

Zakiyyu ya kwance tsumman ƙafarsa, kowa ya kau da kai.

"Duba nan, Baba! Wallahi ko kasuwar nan duka za ta guje ni, ba na ba da ƙafata don kofi ɗaya."

Tsoho ya ja raƙumansa, sai rumfar Attahir. Abin ya ci wa Zakiyyu rai sosai, amma bai sha ba.

Da gyambon ya warke ya jingine moto, kullum da safe sai ya zaga gari da ƙafa. Shekara ta kewayo ya zubar da kilo ashirin da biyar.

Attahir fa? Yana tsakar ciniki hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Yanzu kafaɗar Zakiyyu yake dafawa yana koyon tafiya.

Darasi: Ƙiba ba arziki ba ce, kuma masu cewa "ci mana, sha mana" ba su za su kwanta maka jinya ba. Ku tura wa wanda kunyar mutane ke neman kashewa.