Sarauniya Biyu a Shimfiɗa Ɗaya

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun da rana ke faɗuwa, an yi wani sarki mai suna Tunau, mai mulkin birnin Zarnuƙa mai ƙofofin tagulla. Allah ya ba shi ƙasa mai albarka, da mata mai kamun kai, Sarauniya Hakama, da 'ya'ya, babbarsu ita ce Gimbiya Zabba'u, 'yar fari. Aibinsa ɗaya ne, alfahari. Wata rana ya ce a bainar jama'a babu wasan ƙwaƙwalwa, na mutum ko na aljan, da zai gagari fadarsa. To, baki shi ke yanka wuya.

Maganar ta faɗa kunnen wata aljana, Dugunzuma. Da gari ya waye sai aka tarar da sarauniya biyu zaune a shimfiɗa ɗaya, kama ɗaya, murya ɗaya, har tabon da ke bayan hannu. Sarki ya duba har idonsa ya yi ja, bai gane matarsa ba. Sai wata murya ta sauko daga azarar soro.

"Ya kai Sarki, ɗayarsu ni ce. Duk abin da matarka ta sani na kwashe shi, na sani. Baƙo nake so ya warware min wasa uku kafin faɗuwar rana. In ya kuskure, matarka ta zama dutse, ni kuwa in zauna a ɗakinta har abada."

Gimbiya ta sa aka yi shela cewa wanda ya dawo mata da mahaifiyarta, shi ta zaɓa ya zama mijinta. Ana jin sharaɗin, maza suka noƙe, sai Yarima Bawale na ƙasar Dankisa, wanda ya sauka birnin a kan hanyarsa. Ya shiga fada ya faɗi ya yi gaisuwa.

Muryar ta ce, "Kurciyoyi ne a kan bishiya biyu. Na kan tsamiya suka ce wa na kan kuka, ku ba mu ɗaya mu ninka ku. Na kan kuka suka ce, ku dai ku ba mu ɗaya mu zo daidai. Nawa ne ko'ina?"

Yarima ya tsuguna ya jera tsakuwa, ya ɗauke, ya mayar. Ya ce, "Bakwai a tsamiya, biyar a kuka."

Nan take zane ya fito a jikin bango: mace da tulu a ka, babu rafi, babu gida. Muryar ta ce, "Za ta ɗebo ruwa ne, ko ta ɗebo?"

Ya daɗe yana kallo, inuwa tana tsawo a tsakar fada. Can ya ce, "Tulun a kishingiɗe yake a kan gammo. Mai ruwa ba ya kwanciya. Yanzu za ta je ɗebowa."

Muryar ta ce, "Saura na ƙarshe. Tambaya ɗaya za ka yi musu, sannan ka nuna matar Sarki."

Yarima ya shiga tunani. Wace tambaya ce za ta raba mutum biyu masu sani ɗaya? Waziri ya raɗa masa ya tambayi ranar aurensu. Yarima ya girgiza kai, domin aljana ta san wannan. Rana ta yi ja a kan ganuwa. Ya dubi matan biyu, ya dubi Gimbiya tana tsaye, sai ya tuna tasa mahaifiyar, domin shi ma ɗan fari ne.

Ya durƙusa ya ce, "Ranku ya daɗe, iyayena, ku gafarce ni. Wannan da ke tsaye, mene ne sunanta?"

Ta dama ta miƙa hannu, hawaye na zuba. "Zabba'u ce, 'yata, sanyin idona. Zo nan, Zabba'u."

Ta hagu ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ba ta ce uffan ba.

Sarki ya miƙe a ruɗe. "Hakama, in ke ce, ki yi magana. Rana za ta faɗi."

Leɓunanta suka motsa, amma ta dafe su da hannu. Fadawa suka fara nuna ta dama suna cewa wace uwa ce za ta kasa faɗin sunan 'yarta.

Yarima ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, sanin suna daban, kunyar faɗinsa daban. Uwa ta gari ba ta kiran sunan ɗan fari, ko da wuƙa a wuya. Aljana ta kwashe sani, ba ta kwashe kunya ba." Ya nuna ta hagu.

Ta dama ta yi ƙara, ta zama hayaƙi, ta fice ta taga. Sarki ya tuba daga alfahari a gaban jama'arsa, aka ɗaura auren Gimbiya da Yarima, ƙasa ta zauna lafiya.

Ranar da za a kai amarya, Sarauniya ta kira Yarima, ta kau da fuska gefe, ta ce, "Ga yarinyar nan. Ka riƙe ta amana." Ko a ranar ba ta faɗi sunan ba.