Mota Mai Birki Biyu

Ku matso kusa, masu bin shafin nan, yau ba wasa na zo yi ba.

Akwai wani mai gyaran famfo da ba shi da komai sai keke, jakar kayan aiki, da yayarsa tela wadda ta raine shi tun rasuwar uwarsu. Mutum ne mai haƙuri har ya yi yawa. Aibinsa ɗaya, taurin kai a kan kekensa. Ba fitila a gaba, ba ja a baya, rigar aikinsa kuma baƙa ƙirin, wai don ba ta nuna datti.

"Ƙanina, da magariba kai da kwalta launinku ɗaya," in ji yayar.

"Yaya, ai ina ganin motoci."

"Su ne ba sa ganin ka, sakarai."

Wata rana, rana ta faɗi ke nan, yana dawowa da bututu ɗaure a jikin keke, sai motar koyon tuƙi ta taho ta bayansa. Ku da ba ku sani ba, irin motar nan birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar mai koyo, ɗaya a ƙafar malami. Don irin wannan rana aka yi na biyun.

Mai koyon wata nas ce, hannunta bai faɗa ba tukuna. Malamin kuwa shi ne mai makarantar, ana ce masa Oga Sitiyari. Yana gefenta ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ido a kan waya, yana ta dariya. Nas ta hango keken a makare, ta ruɗe, ta taka totur a maimakon birki.

Ƙashin cinyar mai famfo ya karye a nan take.

Nas ta kama ƙofa za ta fita. Oga ya riƙe ƙofar.

"Zauna. Ke ke tuƙi, ke za a ɗaure, aikinki ya tafi. Dawo nan."

Suka sauya kujera, ya ja mota. Masu wucewa ne suka kai mai famfo asibiti. Wani mai shago ya ga allon makarantar a saman motar, amma bai riƙe lamba ba. Shi ya gaya wa tela.

Washegari tela ta je makarantar. Ta tarar da Oga a ofis, fanka na kaɗa shi, yana nuna wa ɗalibai alamomin hanya da sanda.

"Baiwar Allah, motocina ba su bi ta nan ba," in ji shi. "Ko da sun bi, wa zai ga baƙar riga a kan baƙin titi? Ki je ki saya masa fitila."

Ɗalibai suka yi dariya. Tela ta dube shi daga hula har takalmi.

"Gaskiya ka faɗa, ba a gan shi ba. Za a gan shi."

Aka sa wa mai famfo ƙarfe a cinya, aka sallamo shi gida. Ɗakinsu a saman bene yake. Ita ke juya shi, ita ke goge masa jiki, ita ke tallafe shi zuwa banɗaki, har bayanta ya fara ciwo. Masu kiran sa aiki suka koma kiran wani. Likita ya ce in bai dage da gashin ƙashi ba, keke sai dai ya gani a titi.

"Yaya, mu bar wa Allah," in ji shi.

"Mun bar masa. Amma shi ya ba ni keken ɗinki da ƙafafu biyu."

Wani direba maƙwabcinsu ne ya gaya mata zancen birki biyun. Ta ajiye a ranta.

Da likita ya yarda ya fara zama, sai ta ɗinka masa riga ruwan ɗorawa mai ratsin ƙyalli, wadda ko makaho zai tambaya mene ne. Ta aro keken guragu, maƙwabta suka sauko da shi. Ta ajiye shi a tsallaken makarantar, ta jingina kekensa da ya lanƙwashe a gefensa, ta kafa keken ɗinkinta a inuwa.

Kullum haka. Masu kai burodi da masu kai saƙo a keke suka riƙa tsayawa, tana ɗinka musu irin rigar, suna jin labari. Duk ɗalibin da ya zo shiga, sai ta gaishe shi da fara'a.

"Sannu ɗana. In ka shiga, tambayar mini Oga, birki nawa motarsa take da shi?"

Oga ya fito yana kumfar baki.

"Wannan ai ɓata suna ne."

"Na kira sunanka? Ɗinki nake. Matsa, ka tare mini haske."

Ɗalibai suka fara raguwa. Nas kuwa tun ranar ba ta koma ba, amma bas ɗin da take shiga zuwa aiki ta nan take bi. Ta rufe ido rana ɗaya, ta rufe rana biyu, rigar nan ba ta ɓoyuwa. Ran nan sai ta sauko, ta durƙusa gaban keken guragun tana kuka.

"Ni ce na buge ka. Yana gefena yana kallon waya."

Tela ba ta zage ta ba. Ta naɗe yadin da ke hannunta, ta ce, "Tashi 'yata, kukan ki kai shi inda za a rubuta."

Suka je wurin 'yan sanda. Aka gano motar a garejin mai gyaran jikin mota, gabanta a lotse. Nas ta ɗauki nata hukuncin ba gardama. Oga kuwa aka rufe makarantarsa, aka shigar da ƙara.

Sai ga shi a saman bene, hula a hannu, gwiwa a ƙasa.

"Ni dai na yafe," in ji mai famfo.

"Ƙafarka ce, ka yafe," in ji tela. "Bayana da ya ɗauke ka bai yafe ba."

Ta juya ga Oga. "Yana zuwa gashi, benen nan kuma ba ya saukuwa. Ka zo ka riƙa goya shi, sauka da hawa, har ya koma kan keke. Sannan mu duba zancen ƙara."

Ya zo. Mutumin da ko ɗan cikinsa bai taɓa goyawa ba ya goya ƙato, yana haki, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Matan gidan na leƙowa suna cewa, "Oga, a hankali da kwana." Tela na biye da su da sandar ƙaninta.

Aka ɗauki watanni. Mai famfo ya bar keken guragu ya kama sanda, ya bar sanda ya kama bango. Ranar da ya hau sabon keke ya zaga layi ya dawo, Oga ya matso yana murza hannu.

"Yaya, to maganar ƙarar?"

"Ni ba yayarka ba ce. Na ce zan duba, na kuwa duba. Dubi yadda ya sauko daga keken."

Suka duba. Mai famfo na tafe yana ɗingishi, ƙafa ɗaya ta gajarce.

"Haka zai yi tafiya har kabari," in ji ta. "Mu haɗu a kotu."

Alƙali ya hana Oga koyar da tuƙi har abada. Ni da nake ba ku labarin ban yi boko ba, amma ban ga laifinta ko ƙwaya ɗaya ba.

Darasi: Mai keke, ka sa fitila gaba da baya, ka sa riga mai haske da hular kwano, don nasarar kotu ba ta mayar da ƙafa. In an buge ka, a riƙe lambar motar, ka je asibiti ko ba jini, kada ka yi wasa da gashi. Kai kuma mai mota, ajiye waya, in ka buge mutum ka tsaya, don kowane mai keke yana da wanda ba zai yafe ba. Ku tura wa duk mai keke da duk mai sitiyari a danginku.