Ninki Ashirin

Jama'ar wannan shafi, ku ɗan gyara zama. Labarin yau na masu saurin zargi ne, kuma na san ba a rasa irinsu a cikinmu.

Akwai wani injiniya da ke aiki a kamfanin ƙera kayan tukunyar tururi, irin manyan tukwanen ƙarfen nan da masana'antu ke tafasa ruwa a ciki. Shekararsa goma sha huɗu a wurin. Kowa a ofis Babban Yaya yake ce masa, kuma gaskiya ya iya aikinsa. Aibinsa ɗaya ne: bai taɓa yarda cewa kuskure zai iya fitowa daga teburinsa ba. Idan biro ya ɓace, wani ne ya ɗauka. Idan firinta ta tsaya, wani ne ya taɓa.

A kamfanin, ba a yanka ƙarfe sai an gwada abin a kwamfuta tukuna. Manhajar da suke aiki da ita takan ɗauki zanen, ta yayyanka shi zuwa dubban ƙananan gutsattsari masu haɗe da juna kamar ragar kamun kifi. Shi ya sa a ofis “raga” suke ce mata. A kan wannan raga kwamfuta ke yin duk lissafinta.

A lokacin an ba Babban Yaya aikin wani sabon bawul, wato murfin da ke sakin tururi idan ya yi wa tukunya yawa. Gwaji biyu ake yi masa. A na farko, a ga yadda zafi zai lanƙwasa ƙarfen. Sai a adana wannan lanƙwasasshiyar siffa da ragarta, a ɗauke ta a kai gwaji na biyu, a tura tururi ta ciki a ga ko ƙofar da tururin zai bi ya fita ta isa. In ƙofar ta yi ƙunci, tukunya na iya fashewa a kan ma'aikata.

Babban Yaya ya gama nasa. Ƙofa ta isa har da ragi. Ya miƙe ƙafa ya sha shayinsa.

To, dokar ofis ita ce kowane gwaji sai mutum na biyu ya sake yin sa tun daga farko. Wadda aka ba wa wannan ita ce injiniyar da ta zo musu a ƙarshe, suna kiranta Auta. Kusan wata shida ke nan tana zaman gwaji. Ranar Alhamis wata shidanta zai cika, kuma rahoton Babban Yaya ne zai sa a tabbatar da ita ko a sallame ta.

Ranar Litinin da safe ta zo ta tsaya a gefen teburinsa, ta sassauta murya.

“Yaya, nawa bai zo daidai da naka ba. A wurina ƙofar ta yi ƙunci sosai.”

Bai ko ɗago ba. “Je ki sake duba naki.”

“Na duba sau uku. Ina ganin da za mu kalli ragar da aka...”

“Auta, lokacin da na fara haɗa raga, ke kina koyon ƙirgen yatsu. Je ki duba naki.”

Sauran 'yan ofis suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ita ma ta yi murmushi ta koma wurinta.

Da abin ya tsaya a nan, da da sauƙi. Amma da rana, ya buɗe rumbun ajiyar ofis a kwamfuta, ya ga shaidar cewa Auta ta shiga fayilolinsa. Ba sau ɗaya ba, sau uku. Nan take wani abu ya ɗarsu a ransa.

Me take nema a cikin kayansa?

Daga wannan lokaci ya sa mata ido. Mai zargi kuwa ba ya rasa abin gani. Duk sanda ya wuce ta bayanta, sai ta yi sauri ta rufe abin da ke kan allonta. Ya lura. Ranar Talata ya hango ta ta gilashin ofishin Manaja, ƙofa a rufe, tana magana tana nuni da hannu. Da ta fito suka haɗa ido, sai ta sunkuyar da kai. Wannan ma ya lura.

Ya ce a ransa, “Af, ashe haka ne. Yarinyar nan zagon ƙasa take yi mini. Ta murɗa lissafinta don a ce nawa ne ba daidai ba, a ƙwace aikin a ba ta.”

Da ya dawo daga cin abincin rana, ya tarar da wata takarda a ninke a ƙarƙashin kofin shayinsa. Ya gane rubutunta a bayan takardar. Ya yi tsaki. Wato ta ga ya gano ta, yanzu za ta fara daɗin baki saboda Alhamis ta matso. Bai buɗe ba. Ya jefa ta cikin durowa ya murza makulli.

Tun daga ranar ya daina ce mata Auta. Ya koma “Malama”. Ta gaishe shi, ya amsa da hanci.

A gida ma bai bar zancen ba. Matarsa na ninke kayan wanki a falo, shi kuma yana ta zayyana mata laifuffukan Auta ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, “Baban yara, ka tambaye ta kuwa?”

“In tambaye ta me? Ai komai a fili yake.”

“Haka ka ce ranar da makullin mota ya ɓace. Ka tsare yaran nan awa guda kana bincike kamar ɗan sanda. A ina aka same shi?”

Ya haɗe rai. “Wannan daban.”

“A aljihun wandonka na jiya aka same shi,” in ji ta, ta ci gaba da ninkinta tana dariya.

Shi bai yi dariya ba. Washegari Laraba ya kwafe fayilolinsa zuwa wani wuri, ya sa musu sabuwar kalmar sirri. Ya sake gwaji na biyu don ya tabbatar wa kansa. Amma ku lura da kyau: bai sake na farko ba. Tsohuwar ragar nan da ya adana, ita ya sake ɗaukowa. Ai dole amsar ta fito kamar ta da. Ya buga tebur ya ce, “Na faɗa!”

Kafin a tashi aiki ya rubuta rahotonsa a kan Auta. Ya ce lissafinta ba abin dogaro ba ne, tana leƙa fayilolin da ba nata ba, kuma bai ga alamar amana a tattare da ita ba. Ya sa hannu, ya kai wa Manaja da kansa.

Manaja ya karanta, ya dube shi. “Ka tabbata?”

“Ranka ya daɗe, ni na taɓa kawo maka abin da ban tabbatar ba?”

Ranar Alhamis da safe ya buga hoton bawul ɗin a takarda, ya sauka ƙasa wurin da ake yankan ƙarfe. Shugaban wurin wani dattijo ne da ake kira Kawu, wanda bai iya kunna kwamfuta ba, amma ya fi shekara talatin yana mu'amala da ƙarfe.

Kawu ya goge hannu da tsumma, ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa. Sai ya tuntsire da dariya.

“Injiniya, wannan ƙarfe ne ko cokalin roba?”

“Me ka gani?”

“Wannan lanƙwasar mana. Ƙarfe mai kaurin nan, a zafin da ka rubuta, ba zai motsa haka ba ko da wa ya roƙe shi. In ya motsa, da ƙyar farcenka zai ji bambanci. Nan kuwa ai har fensir zai shige.”

Babban Yaya ya buɗe baki zai ce Kawu bai san manhaja ba. Sai ya fasa.

Bai jira lif, na'urar hawa bene, ba, ta matakala ya hau da gudu. Ya buɗe gwaji na farko ya karanta lambar: ƙarfen ya lanƙwashe da kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Ya buɗe ragar da ya kai gwaji na biyu, ya auna da kansa. Milimita huɗu.

Ninki ashirin cif.

A nan ya tuna. Lanƙwasar gaskiya ƙarama ce, ido ba ya ganinta a allo. Saboda haka manhajar tana da wani ɗan akwati inda ake sa lamba don a kambama hoton, mai kallo ya ga inda ƙarfe ya motsa. Shi kuma ɗabi'arsa ce ya sa ashirin duk sanda zai nuna wa Manaja aiki, don hoton ya burge. Makon jiya ya nuna, Manaja ya yaba, shi kuma yana cikin jin daɗi ya adana siffar a haka bai mayar da lambar zuwa ɗaya ba. Ƙofar da yake taƙama da ita, ƙofar hoto ce. Ta gaskiyar ita ce ta Auta, mai ƙunci, wadda za ta iya fasa tukunya a kan mutane.

Ya buɗe durowa, ya warware takardar nan.

“Yaya, ka yi haƙuri na shiga fayil ɗinka, ina neman inda muka saɓa ne. Ina ganin an adana ragar da lambar kambamawa a kan ashirin. Ka duba, minti biyu ne gyaransa. Ban so in faɗa a gaban mutane ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Ƙanwarka.”

Ya karanta sau biyu. Wallahi kunya ta kama shi har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abin da take rufewa a allonta duk sanda ya wuce, kuskurensa ne take ɓoyewa kada na kusa da ita su gani.

Ya ɗago ya dubi teburinta. Akwai farar ambulan ta takardar sallama a kai, a buɗe. Tana zuba littattafanta da kofinta cikin wani kwali a hankali, ba ta kallon kowa.

A nan Shaiɗan ya zo masa da shawara mai sauƙi: ya gyara lambar a ɓoye, ya ce ya sake nazari ya gano matsala, ita kuma ta tafi. Babu wanda zai sani. Ya zauna da wannan tunani na ɗan lokaci, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya so ya bi shi.

Sai ya miƙe, ya nufi ofishin Manaja da takardar a hannu. Bai rufe ƙofa ba.

“Ranka ya daɗe, rahoton da na kawo jiya ƙarya ne. Kuskuren nawa ne. Ita ce ke da gaskiya tun ranar Litinin. Kada a yanka ƙarfen nan.”

Manaja ya karanta takardar. Sannan ya ce, “Ka san abin da ya kawo ta ofishin nan ranar Talata?”

Babban Yaya ya girgiza kai.

“Ta zo roƙona in ƙara kwana biyu kafin a tura zane ƙasa. Na tambaye ta dalili. Ta ce, ‘Yaya yana sake duba wani abu, kuma na san zai gano shi da kansa.’ Na matsa mata, ta ƙi ƙara ko kalma ɗaya. Da rahotonka ya zo, sai na ɗauka nata kuskuren take ɓoyewa.”

Kowa a ofis ya ji, don ƙofa a buɗe take.

A ranar aka janye takardar sallama, aka tabbatar da Auta. Aka kuma karɓe aikin bawul daga hannun Babban Yaya aka ba ta. Ta faɗaɗa ƙofar, ta kuma kawo wata ƙa'ida da ofis ke bi har yanzu: duk ragar da za a ɗauka daga wani gwaji zuwa wani, sai an auna ta an rubuta lambar a jikin sunan fayil.

Da yamma ya same ta tana fitar da kayanta daga kwali.

“Auta, ki yafe mini. Na zalunce ki.”

Ta dube shi, idonta ya yi ja amma ba ta yi kuka ba. “Na yafe, har ga Allah. Abu ɗaya ne ya yi mini ciwo. Da kuskure ka ce na yi, da ban damu ba, kowa na yi. Amma ka rubuta ba ni da amana.”



Ta ajiye kofinta a inda yake a da, ta ɗauki jakarta. “Sai da safe, Injiniya.”

Yau shekara biyu ke nan suna aiki tare lafiya lau. Ba ta taɓa ɗaga masa zancen ba, tana gaishe shi da ladabi kowace safiya, tana kawo masa aikinta ya duba. Shi kuma kullum in ta buɗe baki za ta gaishe shi, sai ya kasa kunne ko yau za ta ce “Yaya”. Har yanzu Injiniya take ce masa.

Darasi: Kafin ka zargi wani da taɓa aikinka, koma ka auna naka tun daga farko, kuma ka saurari wanda ya zo maka da gyara ko da jiya ya fara aiki. Kuskuren lissafi minti biyu ne gyaransa, amma kalmar da ka jefi mai gaskiya da ita tana iya ɗaukar shekaru ba ta goge ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da wata takarda a durowa da bai buɗe ba.