Biskit Mai Tauri da Yankin Tuffa

Akwai wani manomi a ƙasar Jamus wanda matarsa ta saba toya biskit na zuma da citta da kanumfari da kirfa duk lokacin Kirsimeti, tana raba wa maƙwabta. Sai matar ta rasu. Tun daga ranar nan manomin ya rufe ƙofarsa, ko an gaishe shi da ƙyar yake amsawa.

Da Kirsimeti ya kusa, ya tsinci takardar da ta rubuta yadda ake haɗin. Ya kwaɓa, ya sa a tanderu. Amma biskit ɗin ya fito da tauri, haƙori ba ya iya fasa shi. Ya zuba a kwando, ya nufi garken aladu, idonsa cike da hawaye.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta gan shi, ta ce, "Maƙwabci, ina za ka kai wannan?"

Ya ce, "Na lalata shi. Hannuna ba irin nata ba ne."

Tsohuwar ta ce, "Nata ma haka yake fitowa daga wuta. Zuba shi a gwangwani, ka sa yankin tuffa a ciki, ka rufe. A wurina take karɓar tuffar."

Bayan kowane kwana biyu tsohuwar takan kawo sabon yanki a canja. Takan ɗan zauna. Da fari ba ya cewa komai, daga baya ya soma ba ta labarin matarsa. Ranar Kirsimeti da safe suka buɗe gwangwanin, sai ga biskit ya yi laushi, ƙanshi ya cika ɗakin. Manomin ya ɗauka ya bi gida gida yana rabawa, yana kiran kowa da sunansa.

Ma'anar wannan misali ita ce: mutumin da ya fito daga wutar baƙin ciki yakan yi tauri, amma bai lalace ba. Ubangiji ba ya zubar da shi, mu ma kada mu zubar. Faɗa ba ya tausasa irin wannan zuciya, sai zama kusa da ita cikin haƙuri. Ya ku ƙaunatattu, akwai wanda ya daina amsa gaisuwarku tun da ya yi rashi? Ku koma wurinsa a makon nan, ku zauna. In bai yi magana ba, jibi ku sake komawa.