Gizo da Kaskon Wuta

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikalle," in ji Kaka.

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Gizo da matarsa Ƙoƙi suna da 'ya guda, sunanta Kyallu. Yarinya ce mai fara'a, sai dai in aka aike ta, aiken kan zube a hanya.

Wata safiya wutar murhu ta mutu. Ƙoƙi ta miƙa mata kasko ta ce, "Maza gidan Bushiya, ki ɗebo mana wuta." Kyallu ta kwasa da gudu tun ba a rufe baki ba. Can sai ga ta da kasko cike da 'ya'yan kwaɗi.

"Ina wutar?"

"Au! Inna, ai su ma ba su karya ba."

Aka sake tura ta. Ta dawo riƙe da zakaran Bushiya, wai ya ce yana da labari. Aka kuma tura ta. Wannan karon ta ɗebo wutar, amma ta tarar da tururuwa suna kai amarya, ta tsuguna tana kallo har garwashin ya zama toka.

Gizo ya yi tsalle ya dire. "Wannan iskanci ne! A kira Kura ta ɗauke ta riƙo!"

To, Kura ta daɗe tana karɓar yaran gari riƙo, wai tana koya musu natsuwa. Kuma suna natsuwa ƙwarai, don duk wanda ya tafi, ba a ƙara jin ko tarinsa.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, tun da abin da sauƙi, ga kasko. In ka kawo wuta kafin Kura ta iso, ta tafi da yarinya. In ba ka kawo ba, 'yata tana nan."

"Ni Gizo? Ɗora tukunyarki!"

Ya fita. Bai yi nisa ba ya ji kiɗan kalangu, ƙafa huɗu suka ce gidan Bushiya, ƙafa huɗu suka ce rawa, masu rawa suka yi rinjaye. Da ya isa gidan Bushiya ya gaishe ta, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya san dai wani abu ya kawo shi. Sai ya ari tsani.

"Me zan dafa da tsani?" in ji Ƙoƙi.

Ya koma. Ya dawo a kan jakin da bai san mai shi ba, yana tambayar ko an ga takalmansa. Takalman kuwa suna rataye a wuyansa.

Ya koma na uku yana ta maimaitawa, "Wuta, wuta, wuta." Bushiya ta zuba masa garwashi. A hanya ya ga kanya ta nuna, yana neman abin zubawa, sai ya juye garwashin cikin hularsa, ya kifa hular a ka, ya cika kaskon da kanya.

Ya shigo gida daidai lokacin da Kura ta yi sallama da ƙaton buhu a kafaɗa.

"Ina wutar?" in ji Ƙoƙi.

"Wace wuta? Ga kanya dai. Kai, wa ke gasa nama a unguwar nan? Ƙamshi har cikin kaina."

Ashe duk abin nan tsohuwa Hawainiya tana bisa danga tun safe. Kun san idanunta, kowanne da inda yake kallo. Ta sauko a hankali ta ce, "Gizo, ido ɗaya na sa maka, ɗaya na sa wa 'yarka, kuma abu ɗaya na gani. Ana magana kun tashi, rabin saƙo kuke ji. Ba ku iya zama wuri ɗaya. Kayanku kullum a ɓace. Amma in abu ya kama ranku, ko tuwo sai ku manta. Ba ganganci ba ne, ba aljanu ba ne, haka hankalinku yake, mai ƙafa takwas. Kai yarinya ta gado, sannan ka kira mata Kura?"

Kura ta lashe baki. "To a ba ni su biyun mana. Buhun da fili."

Kyallu kuwa ba ta ma saurara, idonta na kan buhu. Ta katse su ta ce, "Gwaggo Kura, riƙo da gishiri da daddawa ake zuwa? Kuma waccan da ke leƙowa daga buhu ba hular ɗan Zomo ba ce, wanda kika ɗauka bara?"

Sai a sannan zafi ya isa ƙwaƙwalwar Gizo. Ya ƙwalla ihu, ya fizge hula ya wurgar, ta faɗa kan bindin Kura. Kura ta zuba a guje tana hayaƙi, ko buhun ba ta waiwaya ba.

Ƙoƙi ta tsinci garwashi ɗaya da ya faɗi, ta hura murhunta. "To, wuta dai ta iso, amma a makare. 'Yata tana nan."

Hawainiya ta ce, "Daga yau aike ɗaya-ɗaya za ki riƙa ba su, su maimaita da bakinsu. Kuma ki ɗaura musu zare a ƙugu, ki ɗaure bakinsa a turmi. In hankali ya yi gaba, zare ya dawo da su." Shi ya sa har yau ba ku ganin gizo-gizo yana tafiya sai da zare a bayansa.

"Abin da nake so ku riƙe," in ji Kaka, "yaron da aike ke zube masa kullum, kada a fara da bulala ko zagi. A lura da shi, a kai shi wurin masu sanin abin, a sama masa zarensa. Kuma kafin babba ya ɗaga murya, ya taɓa hularsa tukuna."

"Kaka, wai me ke ƙauri?"

"Wayyo, dankalina! Tun ɗazu yake cikin toka! Ku matsa in wuce. Ƙungurus kan kusu!"