Na Ƙasa Shi Ke Ɗaukar Nauyi

Akwai wani dattijo da har yau ake kira Manaja, duk da shekara bakwai ke nan rabonsa da kujerar ofis. Gidansa bene ne mai ɗaki tara, amma shi kaɗai ke kwana a ciki. Matarsa ta rasu bara waccan. 'Ya'yansa uku kowa na can inda aiki ya kai shi, sai dai waya a ranar hutu, ita ma ba ta wuce minti biyu.

Lokacin da yake kan kujera, wayarsa har zafi take yi don kira. Yanzu yakan ɗauke ta ya jujjuya ko ta lalace ne. Lafiyarta ƙalau, mai kiran ne babu.

Ku da kuke bin shafin nan kun san ba na ƙara wa labari gishiri, amma mutumin nan kaɗaici ya ci shi. Mai gadinsa yake tsarewa da hira, shi kuwa sai "haka ne, ranka ya daɗe" yake ta maimaitawa, idonsa na kan ƙofa. A duk masu hulɗa da shi babu sauran wanda ya san shi tun kafin ya zama Manaja, kuma shi ya jawo wa kansa.

Da gwiwa ta matsa masa, likita ya hana shi hawa bene. Sai ya ce wa mai gadi ya nemo masu kwasar kaya su sauko masa da ɗakin kwanansa ƙasa.

Da hantsi suka iso a wata tsohuwar a-kori-kura. Ƙarti biyu ne, da wani tsoho siriri mai kafaɗa ɗaya a karkace. Manaja bai ko ɗaga kai ba. Ya amsa sallama daga bayan jarida, ya nuna musu matakala da hannu.

Can sai ya ji muryar tsohon daga sama, yana ba da umarni a kan kabad.

"Na ƙasa, ka riƙe?"

"Na riƙe."

"Na sama, ka riƙe?"

"Na riƙe, Baba."

"To, wanda zai saki ya faɗa, ya jira amsa."

Jaridar ta zame daga hannun Manaja. Mutum uku kaɗai ya sani a duniya da ke wannan kiran, kuma shi ne ɗayansu.

Shekara arba'in da biyar da suka wuce, su uku suke dako a bakin kasuwar kayan ɗaki. Shi ana ce masa Zakara, saboda cika baki. Akwai Rediyo, wanda bakinsa ba ya mutuwa. Sai Ƙusa, siriri amma ba ya lanƙwasa. Dokarsu ɗaya ce a kan matakala: ba mai sakin kaya sai ya faɗa, an amsa masa.

Ya dogara sanda ya isa gindin matakala.

"Ƙusa?"

Tsohon ya leƙo, ya ƙura masa ido jim kaɗan, sannan ya yi murmushi. "Zakara. Tun daga ƙofa na gane ka. Na ga kana karatu ne, ban so in katse ka ba."

Shekara da shekaru ba wanda ya kira shi da wannan suna. Sai ya ji kamar an buɗe taga a cikin ƙirjinsa.

Ƙartin nan biyu 'ya'yan Ƙusa ne, suka ci gaba da aiki. Manaja ya ja abokinsa falo, ya haɗa shayi da hannunsa. Ƙusa ya zauna a bakin kujera, yana kaffa-kaffa kada ya ɓata ta.

"Ka tuna farar rigar nan?" in ji Manaja.

"Rigar mutum uku? Wa zai manta! Kai Litinin, ni Laraba, Rediyo duk ranar da ya riga mu tashi."

"Har yarinyar nan mai sayar da lemo ta ce, wai ku duk gidanku riga ɗaya aka haifa muku?"

Suka yi dariya har tari ya sarƙe su. Suka tuno katangar gidan silima da suke haurawa, da ranar da wandon Rediyo ya maƙale a waya ya kalli fim ɗin gaba ɗaya a tsaye, bayansa a jikin bango. Suka tuno ɗanen bayan tirela, da aikin wankin mota da aka kore su a kwana uku saboda Zakara ya ce ya iya tuƙi, ya tura motar mutane cikin kwata. Ɗakinsu kuwa, in ɗaya zai juya sai ya tashi sauran.

"Ina Rediyo yake yanzu? Har yanzu yana damun mutane?"

Ƙusa ya ajiye kofi. "Rediyo ya yi shiru, Zakara. Shekara shida ke nan."

Manaja ya yi salati a hankali. Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ya yi ta cigiyarka a asibiti," in ji Ƙusa. "Ya ce a gaya maka ya yafe maka rigar, don kai ka tafi da ita."

"Me ya sa ba ku neme ni ba?"

"Mun taɓa zuwa ofishinka, ai. Gaisuwa kawai ta kai mu. Aka ce ka yi tafiya. Mun ga motarka a inuwa. Sai Rediyo ya ce ƙila da ƙafa ka tafi."

Ƙusa ya faɗe shi ne kamar abin dariya, amma Manaja bai iya dariyar ba. Ya tuna ranar sarai. Ta labule ya hango su, rigunansu duk ƙurar aiki, ya ji kunyar ma'aikatansa su san daga inda ya fito. Shi ya ce wa sakatare ya sallame su.

Don ya kauce wa maganar, sai ya koma kan labarin da ya fi so, wanda ya sha ba wa matasa a wajen taro.

"Ka tuna ranar da na bar dako? Muna hawa da akwatin ƙarfen nan na kamfani, mai kamfanin ya leƙo ya ce wa ya iya karatu a cikinku. Kafin ya rufe baki na isa gabansa. Da ban yi zafin nama ba, da har yau..."

Bai ƙarasa ba, babban ɗan Ƙusa da ya shigo neman ruwa ya tsaya cak.

"Baba, akwatin ƙarfe? Ba shi ne wanda ka ce na sama ya saki bai faɗa ba, ya sauko maka a kafaɗa?"

"Je ka yi aikinka," in ji Ƙusa.

Manaja ya dubi kafaɗar nan da ta karkace, ya sake dubanta. Shi ne a sama ranar. Kullum ma shi ne a sama, don ya ce na sama shi ne jagora. Ya tuna kiran mai kamfani, ya tuna gudun da ya yi. Abin da bai taɓa tunawa ba shi ne ya ce zai saki, domin bai faɗa ba.

"Amma Rediyo ce mini ya yi ka tafi ganin gida."

"Wata biyu na yi a wajen mai ɗori. Ranar farin cikinka ce, Rediyo ya ce kada mu ɓata maka. Ita ce magana ɗaya da bakinsa ya taɓa riƙewa."

"Shekara arba'in da biyar ina gaya wa mutane ni na ɗaga kaina da kaina."

"Ai ka yi ƙoƙari. Karatun naka ne, ba wanda ya yi maka. Ni akwati kawai na tare, kada ya koma ƙasa ya fashe a kore mu duka, har da kai."

Hawaye ya zubo wa Manaja, bai share ba. "Ka yafe mini, ɗan'uwana."

"Kafaɗa ta daɗe da yafewa. Labulen ofishin nan da na hango ka a bayansa ne ya ɗan jima yana mini ciwo." Ya miƙe yana kaɗe rigarsa. "Shi ma ya wuce. Bari in duba yaran nan, muna da wani aikin da la'asar."

Manaja ya ji tsoro ya kama shi. In mutumin nan ya fita, gidan zai koma yadda yake, kuma ba shi da bakin da zai ce masa ya dawo.

An sauko da komai, saura kan keken ɗinkin marigayiya a saman matakala. 'Ya'yan suka nufe shi, Manaja ya ɗaga musu hannu.

"Ku bar mana wannan, ni da babanku."

"Gwiwarka fa?" in ji Ƙusa.

"Yau ɗaya dai."

Suka hau a hankali, 'ya'yan na biye da su. Ƙusa ya juya zai kama ƙasa kamar yadda ya saba, Manaja ya riƙe masa hannu.

"Koma sama. Yau ni ne a ƙasa."

Suka ɗaga. Taka ɗaya, taka biyu, sai Manaja ya ji duk nauyin ya gangaro masa a ƙirji. Keken da bai kai rabin rabin akwatin ƙarfe ba.

"Ashe haka ƙasa take da nauyi?"

"Kullum haka take," in ji Ƙusa. "Na ƙasa, ka riƙe?"

"Na riƙe."

Da suka kai ƙasa, Manaja ya ce, "Zan saki." Ya tsaya yana haki, bai saki ba sai da ya ji an ce masa, "Saki."

A bakin mota Ƙusa ya ce masa duk Asabar da yamma yana zama a benci a ƙofar garejin da suke ajiye motarsu, ya zo in yana da lokaci. Manaja ya ce lokaci ne kaɗai abin da ya rage masa.

Ranar Asabar tun azahar ya shirya. Ya tarar da bencin, tsohon katako mai cin mutum uku. Ƙusa ya matsa masa gefe guda, suka zauna, suka bar tsakiya ba kowa. Nan ne wajen Rediyo. Manaja ya samu ya roƙi gafarar Ƙusa, ta Rediyo kuwa ya makara da shekara shida, kuma duk Asabar sai ya dubi gurbin nan.

Darasi: Duk wanda ya hau sama, akwai wanda ya tare masa nauyi a ƙasa, sau da yawa ma bai sani ba. Kada ka ja labule tsakaninka da waɗanda suka san ka tun kuna riga ɗaya, domin kujera takan ƙare, ta bar ka da wayar da ba ta ƙara. In akwai tsohon abokin da ka saki ba ka faɗa ba, neme shi yau tun yana iya amsa maka. Ku tura wa abokan ƙuruciyarku labarin nan, ko Allah zai sa wani ya ɗaga waya.