Kwanon Malam Maharazu

Akwai wani mawaƙin zamani a Yakasai mai suna Abdulbaqi. Shekarar da sojoji suka koma bariki aka kaɗa gangar siyasa, kasuwarsa ta buɗe. Kowane ɗan takara so yake a ji sunansa a kaset, kuma muryar Abdulbaqi ake rububi.

Ba shi da rowa, wannan kam kowa ya shaida. Sai dai kyautarsa da ƙara take zuwa. Duk azumi zai tsayar da motar shinkafa a bakin unguwa, a kafa lasifika, a kira mutum da sunansa da na ubansa, mai bidiyo yana haska shi har ya saɓi buhu.

Mutum ɗaya ne bai taɓa fitowa ba, wato Malam Gambo maɗinkin hula, aminin marigayi Malam Maharazu, mahaifin Abdulbaqi. Idonsa ya yi rauni, ya ajiye allura, kuma maƙwabta sun san akan wuni ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Aka bi shi har gida da buhu da mai bidiyo. Ya yi godiya, ya ce a mayar.

Abin ya ci wa Abdulbaqi rai ƙwarai. Cikin dattawan da suke ciyayya a zauren mahaifinsa, kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗu a ci, Malam Gambo kaɗai ya rage. In ya hango shi, sai kewar babansa ta taso masa, ya ji kamar zai sake jin dariyarsu a zauren da yanzu yake kulle.

Ya kai ƙara wurin mahaifiyarsa, Hajiya 'Yardada.

"Inna, Baba Gambo ya raina sana'ata ne? Yunwa a gidansa, amma abin hannuna ne ba zai ci ba."

Ta dube shi ta ce, "Ka tuna kwanon da nake ba ka ka kai zaure, lokacin da kasuwar babanka ta mutu? Wanda nake cewa kar ka buɗe?"

"Na tuna. In an gama na dawo da shi mu ci saura."

"Ba saura ba ne, ɗan nan. Babu komai a ciki yake fita. Gambo ne yake jan shi bayansa ya juye rabin nasa, ya rufe. Da tuwonsa ka yi wayo. Har babanka ya koma ga Allah, ɗayansu bai taɓa tada zancen ba."

Sai a lokacin Abdulbaqi ya tuna yadda kwanon yake ba nauyi in zai fita, da yadda yake ɗumama masa hannu in zai dawo.

Washegari ya buɗe zauren, ya share da kansa, ya shimfiɗa tabarma. Ya taka da ƙafa zuwa gidan tsohon, ya durƙusa.

"Baba, ciyayya nake so a dawo da ita. Kowa ya zo da kwanonsa."

Malam Gambo ya sa masa albarka kawai, ya sallame shi.

Bayan magariba maƙwabta suka hallara. Abdulbaqi yana ta kallon ƙofa har ya fara fid da rai, sai ga tsohon yana dogara sanda, kwano a rufe a hammata. Ya ajiye shi a gefe. Abdulbaqi ya ja shi bayansa, babu wanda ya ga an taɓa murfin. Aka ci, aka yi hirar mutanen da.

Da zai tafi, ya sunkuya ya ɗauki kwanonsa, sai ya ji nauyi. Ya tsaya cak.

"Ashe 'Yardada ba ta iya riƙe magana ba," in ji shi. Ya shafa bangon zauren. "Na yi kewar wurin nan. Gobe ma ka share."

Darasi: Cikin mabuƙaci yana son abinci, amma fuskarsa tana son sutura. In za ka ba ɗan'uwanka, ka ba shi a rufe. Tura wa wani labarin nan, wataƙila akwai kwanon da ke jiransa a unguwarsu.